Siyahar Auta

Alhamis, 15 ga Zulƙida, bayan la'asar

Mukhtaru ya turo hotuna daga Munik, na kai wa Inna. Ko tabarau ba ta saka ba. Ta ce, "Ɗauke mini jawwal ɗin nan daga fuska," wato wayar, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa na koma rubutu da girmana. Mukhtaru ƙanena ne, ni ce fari shi ne auta, kuma kafin ya tafi ya sa na dafa Alƙur'ani a kicin ɗin nan a kan ba zan gaya wa Inna abin da ya kai shi Jamus ba. Abin da ta sani shi ne ya kwashi matarsa Manal da yayanta Hatim sun tafi siyaha, yawon buɗe ido irin na masu kuɗin Jidda. Ya ce mini, "Yaya, sati biyu ne. Likitoci su duba, su yi abin da za su yi, in dawo kafin mausim ɗin Hajji. Me zai sa mu tayar mata da hankali?" Zuciyar Inna kuwa mun san ta. Ranar da Baba ya rasu ita aka fara ɗauka zuwa asibiti kafin a ɗauki gawa. Don haka na dafa.

Da wayonmu da komai, ni da shi, mun manta watan Hajji ya ƙarato. Baba ya yi wa alhazai girki a Mina har ƙafa ta gaza masa, Mukhtaru ya gaje shi, shi ne babban mai girkin tantunan alhazan ƙasarmu. A gidan nan namu na Makka daga Shawwal ba a zancen komai sai kuka da daddawa da buhunan gari. Sai ga shi ya zo yana ce wa Inna zai je shan iska. Da ya sunkuya zai sumbaci kanta ya yi sallama, kau da kai ta yi.

Ta daina ce masa Auta. Yanzu sunansa ɗan siyaha.

Asabar, da hantsi

Sati biyun sun wuce tun tuni. Manal ta ce likitoci sun ƙara musu kwanaki. Na ce wa Inna jirgi ne ya cika. Ta ce, "Jirgin zuwa dai bai cika ba."

Litinin, 19 ga wata, bayan azahar

Ya kira. Muryarsa ta ƙara dushewa, kamar mai magana ta cikin matashi. Na miƙa wa Inna, ta naɗe hannu.

"Inna, shi ne. Yana gaishe ki."

"Na ji. Ki ce masa baƙin Allah sun fara sauka, su ma suna gaishe shi."

Ya ji ta sarai. Dariya ya yi, dariyar ta koma tari, na yi sauri na fita baranda da wayar. Ya ce, "Bar ta, Yaya, in dai tana da ƙarfin faɗa to lafiyarta ƙalau." Na tambaye shi ko ya ci wani abu yau. Ya ce a bakin kogi akwai samari masu hawa ruwa a kan allo, in ga abin mamaki. Na sake tambaya. Ya ce Manal tana gaida ni.

Laraba, bayan asuba

Barci ya ƙi, sai birnin Faris nake tunawa.

Shekarar da aurena ya mutu Mukhtaru ya ce in zo ya kai ni in ga duniya. Muka tafi mu uku da Manal. Ni ina son in ga dogon ƙarfen nan da kowa yake hoto a gindinsa, Manal kantuna take so, shi kuwa tun a jirgi ya samo labarin wata unguwa ta 'yan Senegal da Mali. Can muka ƙare. Kullum da safe sai ya ce yau za mu je ƙarfenki, amma bari mu fara karyawa. Mu shiga wani ɗan lungu, ya ɗanɗana shinkafa da kifi, ya ɗaga gira, kafin ka ce kwabo ya shige musu kicin. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma sai ka ji ana gardama a kan tumatir da hannu da ka. Mu kuma muna zaune kamar kayan da aka manta a tasha. Ƙarfen nan ta tagar tasi na gan shi, a hanyar komawa filin jirgi, shi ma rabinsa.

Da muka dawo mata suka cika falo suna tambaya yaya Faris. Na ce tukwanensu manya ne.

Na yi masa fushi a lokacin har na kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa. Yau da zan samu, in zauna a kowane lungu ne in jira shi ya gama gardamarsa.

Juma'a, 23 ga wata, bayan saukowa daga masallaci

Hotunan yau: furanni a kasuwa, wata jaka a bayan gilashi, wani coci mai kore a kai. Duk wanda ya san Mukhtaru ya san ba idonsa ba ne wannan. Manal ce take fita ta ɗauko a gurguje in ya samu barci. A cikin duka guda ɗaya ne yake ciki, zaune a benci da mayafi naɗe a wuya, ga rana tana dukan mutane har wasu sun tuɓe riga.

Wannan karon Inna ta saka tabarau. Ta daɗe tana kallo, na ce shi ke nan, uwa ce, ta gani. Sai ta ce, "Dubi yadda ya rame. Abincin banza yake ci. Har da naɗin wuya irin na Turawa, lallai an waye." Ta ƙara da cewa Manal ce ta juya masa kai, dama tun da aka kawo ta idonta yana kan titi.

Manal da take kwana a kujerar asibiti. Na shiga banɗaki na sakar wa kaina famfo.

Asabar, da yamma

Bai ci ba.

Lahadi, 25 ga wata, bayan la'asar

Labaran ya zo, mataimakin Mukhtaru a Mina, dattijo ɗan Damagaram da suka yi aiki tun zamanin Baba. Shi aka ɗora a kan tukwane bana. Ya zo tambayar Inna yadda Baba yake haɗa yajin miyar kuka in za a yi wa jama'a mai yawa, don na Mukhtaru a kansa yake, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Inna ta sa na shimfiɗa masa darduma, ta ba shi amsa dalla-dalla, ta sa na ɗebo masa daddawarta ta ajiya. Sannan ta ce, "Malam Labaran, ka ba alhazai haƙuri a madadina. Gidan nan bai taɓa juya wa mausim baya ba sai bana. Kunya ta hana ni leƙa ƙofa."

Ya ce, "Hajiya, ai uzuri..."

Na yi tari. Ya dube ni, na dube shi, na gane ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uzuri dai na kowa ne, Hajiya."

"Uzurin kallon furanni?"

A bakin ƙofa yana neman takalminsa ya ce mini a hankali, "Baiwar Allah, fushin uwa ba abin tafiya da shi ba ne." Ban tambaye shi tafiya ina ba.

Talata, da hantsi

Manal ba ta iya fita yanzu, don haka aikin hoto ya koma kan Hatim. Hatim direba ne, tasi yake ja tsakanin unguwar Shisha da Harami, kuma Munik ɗinsa daban ce da ta ƙanwarsa. Jiya ya turo jirgin ƙasan da yake tafiya a tsakiyar titi, da wata gada ta ƙasa, da motoci a wurin baje koli, da mitar biyan kuɗin ajiye mota. Mitar har kala biyu.

Na kira shi na ce, "Hatim, don Allah wa zai yarda mutum ya bar Mina don ya kalli mita?"

Ya ce, "Tayyib, Abla," wato to Yaya, "me zan ɗauko?"

"Abinci. Mukhtaru in ya je gari abinci yake kallo."

Ya ce to.

Laraba, bayan magariba

Ya ɗauko. Wani gidan abincin Turkawa kusa da tashar jirgi, teburi cike: nama a tsinke, shinkafa, gurasa mai kumburi, kofunan shayi uku, cokula uku. Na yaba masa. Ya ce shi kaɗai ya zauna. Ya sa aka jera na mutum uku, ya gutsuri gurasa nan, ya motsa shinkafa can, don ya yi kama da ana ci. Mai gidan abincin yana ta kallonsa. Da ya gama hoto ya kasa kai loma baki, ya sa aka ƙulle masa, ya kai wa wasu Larabawa da suke jinyar ɗansu a ɗakin kusa.

Yana so ya ba ni dariya sai ya ce, "Abla, ni fa siyahar badal nake yi. Yadda ake yi wa mutum Hajji yana kwance a gida, haka nake zaga masa gari."

Na fara dariya, sai na tsaya. Duk ɗan Makka ya san wa ake yi wa badal. Ko wanda ya rasu, ko wanda aka cire rai da tashinsa. Shi ma ya tuna a daidai lokacin. Sai ya ce ana kiransa.

Inna ta ga teburin. Ta ce, "Ya ci ya ƙoshi. Alhazai kuwa Allah ya ci da su."

Duk hoton da ya fi kyau, fushinta ya fi ƙarfi. Ni ce kuma nake gyara hotunan.

Alhamis, 29 ga wata, da rana

Hoton gada kuma.

Juma'a, 1 ga Zulhajji, bayan la'asar

An ga wata. Unguwarmu Hindawiyya ta fara yin fayau, maza sun tafi aikin mausim, titi sai motocin alhazai.

Na je wurin malamar da take mana karatu a masallacin unguwa. Na ce wata ƙawata ce ta yi rantsuwa a kan ɓoye wani abu, yanzu ɓoyewar tana cutarwa. Ta ce ƙawar taki ta karya, ta ciyar da miskinai goma, addini bai ɗaure kowa a kan cuta ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki gaida ƙawar taki, ki ce mata ta dinga cin abinci."

To, ga ƙofa a buɗe. Na rubuta wa Mukhtaru na ce zan faɗa. Amsarsa ta zo nan take, kamar yana riƙe da wayar yana jira: "Kar ki soma. Gara ta yi fushi da ni tana raye."

Na rubuta masa maganganu da yawa na goge. Mai taurin kai ɗan mai taurin kai. Su biyun nan hali ɗaya ne da su, ni ce dai kullum a tsakiya kamar tabarmar ƙofa.

Lahadi, 3 ga wata, bayan azahar

Gobe za su yi aikin. Manal ta ce bayan shi ba zai yi magana ba na wani lokaci. Ban tambaye ta wane irin lokaci ba.

Ya kira ya ce in sa a sifika in ajiye kusa da ita. Tana zaune tana jan carbi. Na ajiye a kan hannun kujera. Muryar da ƙyar take fita, sai da na kashe na'urar sanyi don a ji.

"Inna. Inna, Auta ne."

Carbi yana tafiya.

"Inna, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Na ga yatsunta sun tsaya. Wallahi na gani. Na buɗe baki, maganar tana kan harshena, sai na kalli ledar magungunanta a kan tebur, na tuna ta kwance a ƙasa ranar Baba, na rufe.

Ta ce, ba da shi take ba, da ni take, "Ki gaya masa yafiya ba ta jawwal ba ce. In ya gama yawonsa ya zo ya tsaya a gabana." Ta dafa sandarta ta shige ɗaki.

Na ɗauki wayar. Sannan ya ce, "Ta yi gaskiya. Zan zo." Ya tambaye ni ko Labaran ya samu itacen kirki, ya ce in gaya masa kar ya zuba kuka wuta tana ci da ƙarfi.

Litinin, da yamma

Sun yi. Ya farka. Alhamdu lillahi.

Laraba, 6 ga wata, da hantsi

Hatim ya ce ya gaji da gari. Ya je dandalin da agogo yake kaɗawa 'yan gumaka suna zagayawa, mutane cike sun ɗaga wayoyi suna murna, shi ma ya ɗaga tasa. Ya ce wata tsohuwa Bajamushiya ta miƙo masa hankici, sai a lokacin ya san abin da fuskarsa take yi.

Na ce ya bari haka. Na ce wa Inna wayarsu ce ta lalace.

Ta ce, "Da ya ga ban yafe ba ai sai ya ɗauke ƙafa. Dama ta fatar baki ce." Amma na lura da azahar ta leƙa wayata da take caji, ta ɗauka ban gani ba. Jiya ma ta dafa faten waken da Mukhtaru yake so da yawa, wanda ni ba na ci, ita ma likita ya hana ta. Da na tambaya ta ce hannunta ne ya zarce.

Alhamis, bayan la'asar

Zazzaɓi. Sun mayar da shi wani ɗaki da ba a barin mutum biyu su shiga. Manal ta ce yana rubutu a allo. Na ce me ya rubuta? Ta ce tambaya yake yau nawa ga wata.

Juma'a, 8 ga wata, da safe

Alhazai sun fita Mina. Daga baranda ina jin talbiyya daga motoci. Rabon da a wayi gari irin na yau babu namijin gidan nan a bakin murhu a Mina, tun kafin a haife ni.

Manal ta kira ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Abla, likita ya ce in akwai wanda ya kamata a kira, a kira." Na ce shi fa, me ya ce? Ta ce tun jiya bai riƙe allon ba. Yana ji dai. In ta yi magana yana matsa mata hannu.

Na wanke kicin. Na sake wankewa.

Asabar, ranar Arfa, bayan isha

Zan rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Yau ranar da matan Makka suke samun Harami, maza da alhazai duk suna Arfa. Tun muna yara Inna ba ta taɓa fashi ba. Mukan tafi da dabino da gahawa mu yi ɗawafi a sake, mu sha ruwa a can. Na so ta zauna a gida bana, ta ce ko a kan wuyana ne sai ta je. Na tura ta a keken guragu, magungunanta a jakata, na kuma zaɓi wurin zama kusa da inda ma'aikatan agaji suke tsayawa. Ashe na riga na yanke shawara ban gaya wa kaina ba.

Bayan la'asar ta ɗaga hannu tana kallon Ka'aba. Inna da ƙarfi take addu'a, kowa ya sani. Ta yi wa Baba, ta yi wa iyayenta, ta yi wa 'yar fari, wato ni, don ba ta faɗin sunana. Ta yi wa Labaran da tukwanensa. Ta yi wa alhazai. Ta zo inda Auta yake shiga, ta yi ɗan jim, ta wuce zuwa ga Musulmi baki ɗaya.

Na durƙusa a gaban keken na riƙe gwiwoyinta. Na ce, "Inna, Mukhtaru ba siyaha ya je ba."

Na faɗa mata duka, ban tsallake komai ba. Na faɗi sunan abin, wanda ko a nan ban taɓa rubutawa ba. Ina magana hannuna ɗaya yana cikin jaka a kan maganin ƙarƙashin harshe.

Ba ta faɗi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun Shawwal."

"Mayafin nan na wuya."

"E."

"Kira shi."

Manal ta ɗauka, ta ce ta sa masa a kunne. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ita da ba ta taɓa yarda ta riƙe ta ba. Ta ce, "Auta." Sai ta saurara, tana jiran ya amsa. Na ce mata a hankali ba zai iya ba. Ta rufe ido.

"Auta, ni ce. Kai wane irin yaro ne? Ni za ka yi wa wayo? Ni na haife ka, ka ɗauka ban iya ɗaukar ciwonka ba?" Ta gyara riƙon wayar. "Ga ni gaban Ɗakin Allah. Na yafe maka duniya da lahira. Ba ka yi mini komai ba. Ka ji? Ba ka taɓa yi mini komai ba. Allah ya yi maka albarka. Alhazai sun ci abinci, Labaran ya iya, kar ka damu."

Ta yi ta maimaitawa har aka kira magariba. Matan da suke kusa da mu suka miƙo mana dabino, ba wanda ya tambaye mu komai. Manal ta ce ya matsa hannunta, ya kuma matsawa.

A hanyar gida ba ta ce mini uffan ba. Da na zo cire mata takalmi ta janye ƙafarta.

Lahadi, ranar Salla, da hantsi

Zuciyarta lafiya. Na auna ta da safe, ta miƙo hannu ba ta dube ni ba. Wayata tana wurinta tun jiya, ta sa Manal ta bar layi a buɗe, tana yi masa hira. Ta ba shi labarin ranar da aka haife shi a tsakiyar mausim, Baba yana Mina, sai bayan jifa ya zo ya gan shi yana warin hayaƙi. Ni ban taɓa jin labarin nan ba. Daga bakin ƙofa na ji shi.

Ba mu yi layya da hannunmu ba bana, na ba da kuɗi a yi mana.

Talata, 12 ga wata, bayan azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tana kan layi. Ita ta yi masa kalmar shahada.

Lahadi, 17 ga wata, bayan la'asar

Sun iso jiya. An yi masa salla a Harami da asuba, cikin alhazan da ba su riga sun tafi ba. Labaran ya ce mutanen tantunansa da yawa sun tsaya a sahu ba su san mai tuwonsu ba ne a gaba. Hatim ya rame ya yi baƙi. Da ya zo gaida Inna ya kasa haɗa ido da ita, ita ta ce masa, "Sannu da yawo, ɗana. An wahalar da kai." Ya fita da sauri.

Manal kuwa Inna ta jawo ta ta kwantar da kanta a cinyarta, ta ce, "Na zalunce ki da bakina, ki yafe mini." A ɗakin Inna take kwana yanzu.

Gida cike da masu ta'aziyya. Ina ta zuba gahawa.

Alhamis, 21 ga wata, bayan azahar

Mutane sun ragu. Na ciyar da miskinan nan goma, shinkafa da kaza, na kai da kaina bakin masallaci.

Inna tana ci in Manal ta kawo. In ni na kawo sai ta ce ta ƙoshi. Magani ma daga hannun Manal. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi.

Yau na yi mata kunun gyaɗa yadda take so, na kai, na tsuguna na ce, "Inna, ki yi mini magana ko faɗa ne. Tsoro na ji. Shi ya sa ni rantsuwa, ni kuma ina tsoron zuciyarki."

Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ɗago, karo na farko tun ranar Arfa, ta dube ni a ido.

"Shi yaro ne, kuma ciwo yana cinsa. Ke fa? Ranar da yake da murya, ya kira ni Inna har sau uku, kina tsaye a kaina kika bar ni na tashi na shige ɗaki."

Gaskiya ta faɗa, haka aka yi.

Na ɗauke kunun ya huce a kicin. Shi dai ya samu tasa yafiyar kafin ya tafi, da kunnena na ji. Tawa ban san ranarta ba, amma ni ina nan, ɗakina yana kallon nata. Gobe da safe zan sake damawa in kai.